Sabarmu ta durƙushe ranar da sakamakon yara ya fito: nawa zan sa a MaxRequestWorkers?

Abdulƙadir, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Agaji nake nema, kuma zan faɗi komai yadda ya faru.

Ni ke kula da shafin intanet na wata makaranta mai zaman kanta a nan Garwa, ɗalibanta kusan 1,400. Bana muka fara ɗora sakamakon ƙarshen zango a shafin, uba ya shiga da lambar ɗansa ya sauke takardar. Sabar haya, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, muka kama a Faransa, RAM ɗinta gigabait 2, CPU biyu, da Ubuntu a kai. Apache mai miƙa wa masu shiga shafin, da PHP mai haɗa shi, da MariaDB rumbun bayanai, duk a cikinta suke. Kullum lafiya lau take aiki. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe aka tura wa iyaye saƙon tes cewa sakamako ya fito. Kafin goma da kwata shafin ya daina buɗewa. Na leƙa kundin kurakurai na tarar da wannan:

AH00161: server reached MaxRequestWorkers setting, consider raising the MaxRequestWorkers setting

Tunda shi da bakinsa ya ce a ƙara, na ɗaga MaxRequestWorkers, wato iyakar haɗin da Apache ke yi wa aiki a lokaci guda, daga 150 zuwa 500, na sake kunnawa. Wallahi gara da. Ba a yi minti biyar ba ko SSH, hanyar da nake shiga sabar daga nesa, ya daina amsa mini, daga baya kuma rumbun bayanan ya mutu gaba ɗaya. Iyaye suka taru a ƙofar makaranta, har da wani dattijo da ya biya kuɗin babur tun daga Pitowa don ya ga sakamakon jikarsa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Nawa ya kamata in sa? Ko in nemi a ƙara kuɗi mu kama babbar saba? Zango na biyu yana tafe.

Bashir, Ngaundere:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ka cire Apache ka sa Nginx, kishiyarsa a wannan aikin, ka huta. Don irin wannan cunkoson aka ƙirƙire shi.

Sani, Kusuri:
Ka ƙara max_connections na MariaDB ma, wato iyakar haɗin da yake karɓa, ka kai shi 1000. Wataƙila shi ya cika ya jawo mutuwar.

Malam Usmanu, Injamena:
Wa alaikumus salam Abdulƙadir, sannu da wannan rana, Allah ya kiyaye gaba. Bashir da Sani ku ɗan dakata, ba a ba da magani kafin a taɓa jikin mara lafiya.

Ƙanena, ka kawo mana abu uku. Ka buga apache2ctl -V ka gaya mana abin da ke gaban Server MPM, wato tsarin da Apache ke bi wajen raba aiki. Ka duba kundin kernel, wato zuciyar Ubuntu, na ranar Asabar, ka nemi inda aka ce Out of memory. Sa'annan ka duba da ps ko top, kowane apache2 megabait nawa yake ci lokacin da ake aiki da shafin, ba lokacin da yake zaune ba.

Abdulƙadir, Garwa:
Na gode Malam. MPM ɗin prefork ne. A kundin kernel na ga Out of memory, kuma mariadbd aka kashe. Kowane apache2 yana cin wajen megabait 48. Akwai kuma wani gargaɗi da ban lura da shi ba ranar, wai 500 ɗin da na sa ya wuce ServerLimit, don haka ya mai da shi 256.

Malam Usmanu, Injamena:
To, magana ta fito.

Shi prefork, kowane haɗi ɗaya sai an ba shi ma'aikaci guda sukutum, wato furoses mai zaman kansa. Kuma tunda PHP ɗinka a cikin Apache yake, kowane ma'aikaci yana goye da PHP a bayansa, ko da ɗan hoton tambarin makaranta kawai aka aike shi ya miƙa. Ba kai ka zaɓi haka ba. A Debian da Ubuntu, da zarar ka girka libapache2-mod-php sai ya mai da kai prefork, saboda PHP ɗin da ke cikin wannan kunshin ba a gina shi ya zauna cikin zaruruwa ba, wato ƙananan ma'aikata da yawa masu tarayya a furoses ɗaya.

Yanzu yi lissafi da ni. Kana da megabait 2,048. Ware wa MariaDB kamar 450, Ubuntu da sauran tarkace kamar 300, ka bar 200 na ko-ta-kwana. Saura wajen 1,100. Raba da 48, ma'aikata 22 ko 23 ke nan. Iyakar ƙarfin sabarka ke nan a wannan tsarin. Su 150 ɗin da ta zo da su, in suka tashi gaba ɗaya suna neman megabait 7,200. Su 256 kuwa gigabait 12 cif, a kan na'ura mai 2.

Wanda ya taɓa ƙetare kogin Logon a kwale-kwale ya san zancen. In jirgi na mutum ashirin ne, mutum ɗari na tsaye a gaɓa, mai jirgin kirki ashirin zai ɗauka, ya je ya dawo, sauran su jira suna gunaguni amma kowa zai ƙetare. In tausayi ya sa ya kwashe su duka, ba wanda zai isa. MaxRequestWorkers shi ne mai jirgin nan da ke cewa ya isa haka. Da ka ɗaga shi, RAM ta ƙare, na'urar ta koma kwashe kaya tana zubawa a faifai tana ɗebowa, komai ya yi nauyi, daga ƙarshe kernel ya nemi wanda ya fi kowa cin memori ya kashe. MariaDB ne ya fi ƙiba, shi aka yanka.

Wannan saƙon na AH00161 ya ruɗi mutane da yawa, ba kai kaɗai ba. Apache bai duba RAM ɗinka kafin ya faɗe shi ba.

Sani, max_connections na MariaDB yana zuwa a 151. Da shi ne ya cika, da kuskure mai lamba 1040 za a gani, Too many connections, kuma rumbun ba zai mutu ba, ƙin karɓar sabon haɗi kawai zai yi. Kai shi 1000 ƙarin baki ne a kan tuwon da bai isa ba.

Sani, Kusuri:
Na gane Malam, na janye.

Hadiza, Marwa:
Salamu alaikum. Malam Usmanu, lissafinka daidai ne, sai dai ina da gyara kaɗan. Adadin da ps ke nunawa yana haɗawa da memorin da ma'aikatan ke tarayya a kai, yana ƙirga shi sau da yawa. In Abdulƙadir ya girka smem ya duba PSS, wanda ke raba memorin tarayyar a tsakaninsu, zai ga ƙasa da 48, wataƙila talatin da wani abu. Ba zai canza hukuncin ba, 150 ta yi yawa ko ta yaya aka auna.

Amma abin da ya fi damuna wani ne daban, kuma ban cika ganin masu rubuta darussa a Turai suna tsayawa a kansa ba, don ba matsalarsu ba ce sosai. Su wa ke shiga shafin nan? Iyaye ne da wayar hannu, wani a Rumde Ajiya, wani a ƙauye inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. A prefork ma'aikaci ba ya sakin mutum sai ya gama miƙa masa kayansa. In takardar na da nauyi, wayar kuma tana jan ta a hankali, wannan ma'aikacin mai goye da PHP yana nan tsaye, ba aikin fari ba na baƙi, har sakan talatin ko fiye. Sa'annan a tsohon tsarin HTTP/1.1 burauza ɗaya tana iya buɗe haɗi har shida zuwa shafi ɗaya. Uba huɗu kacal sun isa su cinye ma'aikata 23.

Abdulƙadir, ka kunna mod_status, allon da ke nuna abin da kowane ma'aikaci ke yi. Ranar cunkoso za ka ga allon ya cika da W da K. W masu miƙa amsa ne, K kuma masu zaman jiran ko mutumin zai sake neman wani abu.

Bashir, Ngaundere:
Yauwa Anti Hadiza, abin da nake nufi ke nan, ban dai yi bayani ba. Apache na prefork kamar gidan abincin da kowane baƙo sai an tsayar masa da yaro a kansa har ya gama ci ya wanke hannu. Nginx kuwa mai shayi ne. Mutum ɗaya, benci cike, ya zuba wa wannan, ya fasa wa wancan ƙwai, ya karɓi kuɗin na uku, ba ya tsayawa kallon kowa yana kurɓa. Tun 1999 Dan Kegel ya yi rubutu a kan yadda saba ɗaya za ta riƙe haɗi dubu goma a lokaci guda, abin da ake kira C10k. Igor Sysoev ya saki Nginx a 2004 a kan wannan hanyar. Me zai sa a 'yan shekarun nan mutum ya zauna yana fama da prefork?

Malam Usmanu, Injamena:
Misalin mai shayin nan ya yi, Bashir. Amma Apache ma yana da mai shayinsa. MPM uku gare shi a Linux: prefork, worker, da event. Worker yana amfani da zaruruwa, furoses ɗaya ya riƙe zare 25, kowane zare haɗi ɗaya, ya fi sauƙin memori nesa ba kusa ba. Event ya ɗara shi da abu ɗaya mai muhimmanci: haɗin da ke zaman jira, wato K ɗin da Hadiza ta ambata, ba ya riƙe zare, akwai mai gadi guda da ke lura da su duka. Tun fitowar Apache 2.4 a 2012 event ya zama abin dogaro.

Abin da ya sa ban ce ya yi tsalle zuwa Nginx ba: yaron nan shi kaɗai ne a kan aikin, shafinsa na da dokoki a .htaccess, ƙananan fayilolin saitin Apache, Nginx kuwa ba ya karanta .htaccess sam. In ya manta da doka ɗaya wajen juyawa, babban fayil ɗin da aka kulle zai iya buɗewa ga duniya, kuma sakamakon 'ya'yan mutane ne a ciki. Abin da ya sani ya gyara tukuna.

Ainihin maganin, ko Apache ko Nginx, ɗaya ne: a raba PHP da mai tsaron ƙofa. Ka girka php-fpm, mai tafiyar da PHP daban a wajen Apache. Ka kashe mod_php da mpm_prefork da a2dismod, ka kunna mpm_event da proxy_fcgi da a2enmod, sa'annan a2enconf na fpm ɗin da ya dace da PHP ɗinka. Daga nan Apache ya zama mara nauyi, 150 ɗin nan ta zama zaruruwa a cikin furoses shida, ba za su dame ka ba. Lissafin memorin da muka yi ya koma kan pm.max_children, wato iyakar yawan 'ya'yan PHP masu aiki, a fayil ɗin www.conf. Ka lura yana zuwa a 5, ya yi kaɗan. In ka taɓa dokokin php_value a .htaccess ka kwashe su, ba sa aiki da fpm, za su jawo maka kuskure 500.

Bashir, Ngaundere:
Malam ban ƙi ba, amma akwai inda event bai kamo Nginx ba, kuma daidai kan ciwon da Anti ta nuna ne. In PHP ya fitar da amsa mai nauyi, Nginx yana karɓe ta duka, abin da bai shiga memori ba ya zuba a fayil na wucin gadi, ya sallami PHP nan take, shi ya zauna da mai wayar yana ɗiga masa a hankali. Haka yake zuwa, ba sai ka saita ba. A Apache kuwa, amsar da ta fito daga fpm in ta yi girma, zaren yana nan riƙe har mai wayar ya janye, kuma ɗan PHP ɗin da ke baya zai iya maƙalewa tare da shi. A ƙasar da sabis ke rarrafe wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Malam Usmanu, Injamena:
Wannan gaskiya ce, ka fi ni a nan. Takardun Apache da kansu sun faɗi wannan iyakar ta event. In amsoshin shafin manya ne, maganarka ta fi tawa ƙarfi. Sai mu tambayi Abdulƙadir, takardar sakamakon nan nauyinta nawa?

Sani, Kusuri:
Kafin ya amsa, ni ina ganin a sa iyaka a kan kowane adireshin IP. Kowa haɗi biyar, wanda ya wuce a kore shi. Ai masu danna sabuntawa ba ƙaƙƙautawa su ke kashe shafi.

Hadiza, Marwa:
Sani don Allah kada ka ba shi wannan shawarar haka tsirararta. Ni na taɓa yi, kuma har yau ina jin zafin abin. Wani shafin rajista na riƙe wa wata ƙungiya, na sa iyakar haɗi goma ga kowane IP, na kwanta ina ganin na yi dabara. Washegari mata suka yi ta kira daga Mokolo da Yagwa cewa shafin na korarsu, alhali sabar ba ta ko yi gumi ba. Da na bi kundin sai na ga ɗaruruwan mutane suna fitowa ta adireshi ƙalilan. Kamfanonin waya ba su da adireshin IPv4 da zai ishi kowa, don haka suna tara jama'a da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Kai kana ganin mutum ɗaya mai naci, ashe unguwa guda ce. Haka shagon intanet, kwamfuta goma adireshi ɗaya. Wasu matan ranar ba su samu yin rajistar ba har aka rufe.

In dole sai an sa, a sa da faɗi sosai, kuma a kan shafin shiga da kalmar sirri kawai, don masu gwada sa'a. In kuma tsoron masu riƙe haɗi da gangan ake yi, irin harin Slowloris da ya ɓulla a 2009, mod_reqtimeout ne maganinsa, kuma a Ubuntu a kunne yake zuwa. Shi ma kada a matse shi fiye da yadda ya zo, don mai raunin sabis da maharin kamarsu ɗaya a idon saba.

Sani, Kusuri:
Allah ya saka da alheri, ban taɓa kawo wannan a raina ba. To KeepAlive fa, wato barin haɗi a buɗe bayan an miƙa amsa? Na karanta wani wuri an ce a kashe shi in saba na cika.

Hadiza, Marwa:
A prefork shawarar na da hujja, don kowane mai jira yana riƙe da ma'aikaci guda. Amma ka tuna sabar na Faransa, mu muna nan. Duk sabon haɗi sai an yi gaisuwar TCP, a yi ta TLS, saƙo ya je ya dawo sau biyu ko uku kafin a fara maganar da ta kawo mutum. In ka kashe KeepAlive, kowane hoto da kowane ɗan fayil sai an sake wannan gaisuwar daga farko, ta tsallaka teku. A event jiran kusan kyauta ne, don haka a bar shi a kunne. Sakan 5 da yake zuwa da shi ya isa. Kuma in ya koma event zai iya kunna HTTP/2, burauza ta yi komai ta haɗi ɗaya maimakon shida. Da prefork ba ya yiwuwa, tun 2.4.27 aka hana.

Abdulƙadir, Garwa:
Ku yi haƙuri da shiruna, wuta aka ɗauke mana tun azahar, sai yanzu na samu caji. Na karanta komai sau biyu.

Malam, na duba takardar. Kowace ɗaya megabait 2.7 ce. Ni kaina na yi mamaki, shafi ɗaya ne tal. Ashe tambarin makaranta da ke samanta hoton asali ne da mai zane ya ba mu, ba a rage shi ba. Kuma ba a ajiye takardun suke ba, duk lokacin da uba ya danna, PHP ke haɗa PDF ɗin daga farko. Na gwada ni kaɗai da daddare, ba kowa a shafin, yana ɗaukar kusan sakan 2 kafin ya fara sauka.

Malam Usmanu, Injamena:
Alhamdu lillahi, ga ɓarawon nan mun kama.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don wannan ne abin da na fi so matasanmu su riƙe. Akwai wata ƙa'ida da John Little ya tabbatar a 1961, ta layin jira: yawan waɗanda ke ciki daidai yake da yawan masu shigowa a sakan, a ninka da tsawon zaman kowane. In mutum goma ke shigowa a sakan, kowa na zama kashi ɗaya cikin goma na sakan, mutum ɗaya za ka tarar a ciki. In kowa na zama sakan 20, mutum 200 za ka tarar. Masu shigowa ba su ƙaru ba, zaman ne ya yi tsawo. Mu kullum hankalinmu na kan faɗaɗa zaure, alhali rage zaman ya fi arha.

Dubi naka. Haɗa PDF aikin CPU ne, kuma biyu gare ka. In kowace takarda na cin sakan 2, iyakarka takarda ɗaya a sakan, ko ma'aikata 20 ka sa ko 500. Ƙarin ma'aikata ba ya ƙara CPU, rabon da kowa ke samu ne ke raguwa, takardar sakan 2 ta koma minti guda. Uba ya gaji ya danna sabuntawa, PHP kuwa ba ya sanin mutum ya tafi sai ya zo miƙa masa amsa, don haka yana can yana haɗa takardar da ba mai karɓa, ga sabuwa ta hau layi. Haka abin ke ninkuwa.

Amma juya lissafin. Takarda 1,400, ɗaya a sakan, bai kai minti 25 ba. Ka haɗa su duka da daddare kafin ranar, ka ajiye. Ka rage tambarin ya dawo kilobait hamsin ko ƙasa. Da safe aikin saba ya zama miƙa ƙaramin fayil da ke ajiye, wannan kuwa ko sabarka ta yanzu za ta yi shi tana hamma.

Hadiza, Marwa:
Sharaɗi ɗaya a kan wannan. Kada ka zuba takardun a inda duk wanda ya canza lamba a adireshi zai sauke ta ɗan maƙwabci. Sakamakon yaro sirrin gidansu ne. Ka ajiye su a wajen babban fayil ɗin shafin. PHP ya tantance uban, sa'annan ya ce wa Apache miƙa masa fayil kaza, ta mod_xsendfile. A Nginx X-Accel-Redirect ake kiransa. Ta haka PHP ya gama nasa cikin ƙiftawar ido, kuma damuwar da Bashir ya kawo ta ragu sosai, tunda fayil ne ajiyayye wanda event ya san tsawonsa.

Bashir, Ngaundere:
Na yarda, in aka yi haka Apache zai ɗauka. Ni dai in sabuwar saba zan kafa, Nginx zan sa, kuma ina da dalili ɗaya da ya rage. Da limit_conn za ka iya sa iyaka a kan shafin gaba ɗaya, ba kan IP ba, wanda ya zo bayan an cika ya samu kuskure 503 nan take da ɗan rubutu cikin Hausa da Faransanci da Fulatanci: an yi yawa, a dawo bayan minti biyar. Ya fi mutum ya zauna yana kallon farin allo kuɗin datarsa na tafiya. A Apache waɗanda suka rasa wuri layin ListenBacklog suke shiga, mai tsawon 511, su yi ta jira ba labari.

Shi ma Nginx ba a barinsa haka. worker_connections a Ubuntu 768 yake zuwa, kuma in yana tsakanin mai waya da PHP ko Apache, mutum ɗaya haɗi biyu yake ci, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Wanda ya ɗaga shi ya manta da iyakar buɗaɗɗun fayiloli ta 1024 zai haɗu da Too many open files, sai ya gyara worker_rlimit_nofile.

Malama Rabi, Garwa:
Salamu alaikum. Ni ba gwanar saba ba ce, koyarwa nake yi, ina nan ne don in ƙaru. Amma tambaya nake da ita. Dole ne a tura wa iyaye 1,400 saƙo a minti ɗaya? In aka fara da 'yan aji ɗaya da ƙarfe takwas, aji biyu da takwas da rabi, haka har a gama, ba zai rage ba? Mu ko rabon takarda a hannu ba ma kiran makaranta duka lokaci guda.

Malam Usmanu, Injamena:
Malama, zai rage ƙwarai, kuma ko sisi ba za a kashe ba. Masu shigowa a sakan ɗin da na ambata, ke kin raba su aji-aji. Abdulƙadir ka kai wa shugaban makaranta wannan kafin komai.

Abdulƙadir, Garwa:
In sha Allahu gobe zan same shi. Malam, pm.max_children nawa zan sa ke nan? Kuma static, wato adadi tsayayye, ko dynamic mai hawa da sauka?

Malam Usmanu, Injamena:
Fara da 12. Memorinka zai ɗauki fiye da haka, amma CPU biyu ba su da abin yi da 'ya'ya talatin. Ka tuna kuma memory_limit na PHP 128M yake zuwa, ɗa ɗaya zai iya kumbura ya kai can in aiki ya yi nauyi, don haka kada ka cika lissafi har baki. Tunda sabar aikin nan kaɗai take yi, static ya fi mini, suna nan a tsaye ba sai an tashe su lokacin da jama'a suka afko ba. Sa pm.max_requests a 500 don kowane ɗa ya sauka a sabunta shi. Kunna slowlog da request_slowlog_timeout na sakan 2, zai nuna maka layin da ke jan ƙafa. Ka duba kuma ko lambar ɗalibi na da fihirisa a rumbun bayanai, wato jerin da ke saurin nemo ta.

Sa'annan ka gwada kafin ranar. ab, manhajar gwada cunkoso, yana cikin apache2-utils, ka ba shi -n 2000 -c 50, kana kallon free -m da top a wata tagar. Kada ka harba daga wayarka, sabis ɗinka za ka auna ba sabar ba. Ari wata saba ta kusa da ita na awa ɗaya. Kuma ka sani ab mai saurin karɓa ne, ba zai nuna maka halin mai waya a ƙauye ba.

Sani, Kusuri:
Ina da wata ƙarama a can Faransa da nake gwaje-gwaje a kai. Ka yi mini magana ta gefe in buɗe maka.

Abdulƙadir, Garwa:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari, yau aka saki sakamakon zango na biyu.

Na koma event da php-fpm tun makonni uku da suka wuce. Wuri ɗaya na sha wuya, php_value ɗin da Malam ya gargaɗe ni, akwai guda a wani .htaccess na can ciki da ban gani ba sai da shafin ɗora hotuna ya ƙi. Takardun na haɗa su daren jiya, kowace ta dawo kilobait 90. Fihirisar ma babu ita, na sa. An tura saƙo aji-aji daga ƙarfe takwas kamar yadda Malama Rabi ta ce.

Na zauna gaban mod_status tun bakwai da rabi. Mafi yawan da na gani zare 41 na aiki cikin 150. 'Ya'yan PHP ba su taɓa cika 12 ba, memori bai wuce megabait 1,300 ba. Kira biyu kawai na samu, duka na waɗanda suka manta kalmar sirri. Dattijon nan na Pitowa na kira shi da kaina da azahar, ya ce tun tara jikarsa ta buɗe masa a waya.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara ilimi mai amfani. Bashir, shafin 503 ɗin nan mai harsuna uku har yanzu ina son sa, don shugaban na maganar buɗe rajistar sababbin ɗalibai ta shafin a watan Agusta, kuma can ba mu da ikon raba mutane aji-aji.

Bashir, Ngaundere:
Amin. Ba sai ka cire Apache ba, Nginx zai iya zama a gabansa ya tsare ƙofa, .htaccess ɗinka na nan yadda yake. Sai dai ka kunna mod_remoteip, in ba haka ba kundinka zai nuna kowa daga 127.0.0.1 ya fito. Turo mini fayil ɗin saitinka bayan sallar isha'i mu duba tare. Rubutun Fulatancin kuma a bar mini.